Jirgin Juma'a Daga Geneva

"Na faɗa miki, na kuma faɗa miki, muddin ina numfashi ba za ki auri mutumin Geneva ba."

Dona Zulmira ta yi maganar ba tare da ta ɗago daga kan murhu ba. Ta juya kifin sardin da ke kan waya, kitsensa ya ɗiga a garwashi, hayaƙi ya turnuƙe ya gauraya da na sauran masu gasa kifi na bakin tashar jiragen ruwa ta Matosinhos, kusa da birnin Porto.

'Yarta Salomé tana jera faranti a tebura. Ta ajiye na hannunta da ɗan ƙarfi.

"Mama, Telmo ba mutumin Geneva ba ne. A bayan coci aka haife shi. Kin san uwarsa, kin san kakarsa. Aikin gini ne ya kai shi."

"Shi ma ubanki aikin gini ne ya kai shi."

Salomé ta ci gaba da jera faranti. Tana 'yar shekara huɗu mahaifinta Albano ya tafi Geneva neman abinci. Da fari duk wata yana zuwa, daga baya sai hutun Agusta da Kirsimeti, daga nan sai labari ya iso cewa ya ajiye wata mace a can har ta haihu. Tun daga ranar ba a sake kiran sunansa a gidan ba.

"Zamani ya canza, Mama," ta ce a hankali. "Daga Geneva zuwa Porto ko awa biyu da rabi ba a cikawa a jirgi. Kafin waken da kika ɗora ya nuna ya sauka."

"Ai ba jirgi ke nisanta namiji ba, 'yar nan. Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko jirgin ya hau ba zai hango ba." Ta nuna bakin titi da maɗaukin kifi. "Ga ɗan mutunci can ya iso. Shi kam in kin neme shi, kin san ƙofar da za ki ƙwanƙwasa."

Wata baƙar tasi ce mai koren rufi ta tsaya. Hélder ya fito yana kaɗa makulli a yatsa. Tun suna makaranta yake bin Salomé, ita kuma tun suna makaranta take ce masa a'a. Bai taɓa gajiya ba, musamman da ya ga uwar tana bayansa.

"Barka da hantsi, Dona Zulmira. Wannan ƙamshi ai tun daga filin jirgi yake jawo ni."

"Zauna, ɗana. Salomé, kawo masa kofi."

Ta kawo, ta dangwarar masa. Ya ɗago ya dube ta yana murmushi.

"Sarauniyar masu ɗaure fuska. Yaushe angon namu zai sauka?"

"Ina ruwanka?"

"Tambaya ce kawai."

"Gobe Asabar da safe, kamar kullum."

Hélder ya ajiye cokali. Ya kalli Dona Zulmira, ya kalli Salomé, ya sosa ƙeya kamar wanda maganar ta yi masa nauyi, alhali idonsa sai ƙyalli yake.

"Asabar? To, ni wa nake gani ranar Juma'a?"

Salomé ta juyo ta dube shi.

"Me kake nufi?"

"Ni dai a layin tasi na filin jirgi nake wuni, kin sani. Jirgin Geneva na rana yana sauka, mutane suna fitowa a gabana. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na ga Telmo. Ran Juma'a."

"Ƙarya kake!"

"Allah Ya sa ƙaryar ce. Amma in ƙarya nake, ita yarinyar da yake riƙe wa jaka fa? Doguwa, mai jan gashi. Da Faransanci suke hira, ni ba na ji, sai dai dariyar kam kowa ya ji ta."

Salomé ta dafa tebur. Nan take abubuwa suka fara dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Watannin nan duk Juma'a da rana wayarsa a kashe take. Ya hana ta zuwa tarbarsa, wai kada ta wahala. Ran Asabar kuma sai ya iso mata fes, gashi a taje, babu alamar wanda ya yi sammakon jirgi.

Tafiyar da ba ta cika awa biyu da rabi ba, shi kwana guda take cinye masa. A ina yake kwana? Wa ke zuba masa abinci? Wa yake yi wa irin kallon da take zaton nata ne ita kaɗai?

Dona Zulmira ba ta yi murna ba, ba ta kuma yi mamaki ba. Ta dai goge hannu a jikin rigar aikinta.

"Yau Juma'a ce," ta ce. "Gani ya kori ji. Hélder, kai ta."

A cikin mota Salomé ta zauna a baya ta harɗe hannu. Hélder yana ta satar kallonta a madubi.

"Ki dawo gaba mana, ai ba fasinja ba ce ke."

"Ka tuƙa kawai."

"Salomé, ni tsakanina da gidanku titi biyu ne. Shi tsakaninku ƙasa biyu ce, kilomita dubu da ɗaruruwa. Ko agogonku ba ɗaya ba ne, nasa yana gaba da naki. Mutumin da ko lokaci ba ku haɗa ba, ta yaya za ku haɗa zuciya?"

"Hélder, in ka ƙara magana zan buɗe ƙofar nan in fita."

"Na yi shiru. Amma ki sani, ni ban taɓa riƙe wa wata mace jaka ba."

"Don ba wadda ta ba ka."

Ya yi dariyar yaƙe, ya ƙara wuta.

A filin jirgi ta laɓe bayan wani ginshiƙi, kusa da ƙofar masu sauka. Allon ya nuna jirgin Geneva ya iso. Tana ta roƙon Allah a zuci Ya kunyata Hélder. Mutane suka fara fitowa: tsofaffi da akwatuna, magina da jakar goyo, yara suna rugawa wurin kakanninsu.

Sai ga shi.

Telmo ne, sanye da shuɗiyar rigar sanyin da ita da kanta ta saƙa masa. Jaka biyu a kafaɗarsa. A gefensa wata doguwar yarinya mai jan gashi, fara sol, siririya, irin waɗanda rana da hayaƙin kifi ba su taɓa taɓawa ba. Yarinyar ta tsaya, ta kai hannu ta gyara masa wuyan rigar. Rigar Salomé! Shi kuwa ko gezau bai yi ba, kamar ya saba.

Salomé ta kau da ido. Ta dubi hannayenta, duk tabon ƙuna da kaushin gishiri. Ta ciro waya ta kira shi.

Tana kallo ya laluba aljihu. Ya duba wayar, ya ɗan juya wa yarinyar baya.

"Masoyiya," ya ce da muryar nan tasa mai sanyi.

"Kana ina?"

"Ina kan gini. Aiki ya yi yawa yau. Zan kira ki anjima, kin ji?"

"Na ji," ta ce, ta kashe.

Hawaye bai zo ba. Abin da ke cinta ya fi ƙarfin hawaye. Ta koma mota, wannan karon ta zauna a gaba.

"Za su ɗauki motar haya," in ji Hélder. "Kullum haka suke yi."

"Bi su."

Ba su nufi cikin Porto ba. Arewa suka yi, suka bi hanyar Vila do Conde. Salomé tana ta zana otal a ranta, da ɗaki mai kallon teku, da labule a sake. Amma motar sai ta tsaya a gaban wani farin gida mai shingen furanni, inda ake jinyar tsofaffi. Mai jan gashin ta fita ta shige ciki da sauri. Telmo ya tsaya yana fito da kaya daga bayan mota.

Yana rufe but ɗin motar ya ga Salomé tsaye a gabansa. Ledar lemun da ke hannunsa ta suɓuce.

"Salomé..."

"Sannu da aiki, magini. Ashe ginin naku har nan ya iso?"

"Ki tsaya ki ji."

"Me zan ji? Na ji da kunnena, na gani da idona. Wace ce ita?"

"Sunanta Noémie. Ba abin da kike zato ba ne."

"Noémie!" Ta maimaita sunan kamar ta tauna maɗaci. "Har wani daɗi sunan yake yi a bakinka. Ni ina can ina faɗa da uwar da ta haife ni saboda kai. Kullum sai an zage ni, kullum sai an yi mini gori da ubana. Ina cewa Telmo daban ne, Telmo ba ya ƙarya. Ashe kai kana sama kuna tafe kafaɗa da kafaɗa! Me kuke faɗa wa juna a jirgin? A kafaɗarka take barci? Da rigar da na ɓata idona na saƙa maka take share fuska?"

Sai a nan kukan ya ƙwace mata. Ya matso zai riƙe ta, ta ture hannunsa.

"Kada ka taɓa ni!"

Ya hango tasin Hélder a gefen hanya, fuskarsa ta canza.

"Wancan ne ya kawo ki? A motarsa kika zauna, a gaba?"

"Au, kai ma ka san zafin abin? Shi dai bai ce mini yana kan gini ba."

Telmo ya jingina da mota, ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya buɗe, idanunsa sun yi ja.

"Mahaifinta ne a ciki. Ubangidana ne a wurin aiki. Lokacin da na sauka Geneva ban san kowa ba, ban iya yaren ba, a tashar jirgin ƙasa nake kwana. Shi ya tsince ni. Ya ba ni ɗaki a gidansa, ya koya mini aiki, ya tsaya mini har na samu takardu. Ƙurar siminti ta cinye masa huhu, zuciyarsa ma ta raunana. Ya ce shi a kawo shi gida ya mutu yana jin ƙarar teku. Matarsa ta rasu, Noémie ba ta da kowa, ba ta ma iya yarenmu sosai ba. Shi ya sa nake rako ta. Ita tana kwana a wurinsa, ni ina kwana a gidan ƙanen babana."

"To in haka ne, me ya hana ka faɗa mini? Jinyar tsoho abin ɓoyewa ce?"

Ya sunkuya yana tsince lemun da ya zube.

"Telmo, ina tambayarka."

"Ranar da aka kwantar da shi a asibiti can, zazzaɓi ya rufe shi, yana ta sambatu. Ina zaune a gefensa. Sai na ji yana kiran wani suna. Yana cewa, Zulmira, kifin zai ƙone. Zulmira, ki rage wutar."

Salomé ta daina kuka cak.

"Mene ne sunansa?"

"Ke ba ki taɓa faɗa mini sunan mahaifinki ba. Kin ce a gidanku ba a kiransa. Na rantse da Allah ban sani ba sai ranar."

"Na ce mene ne sunansa?"

"Albano."

Ƙasa ta juya mata. Ta zauna a kan dakalin shingen ba tare da ta san ta zauna ba. Can nesa teku yana ta dukan duwatsu.

Wato wannan mai jan gashin ita ce yarinyar. Ita ce aka zauna dominta. Ita aka kai makaranta a hannu, ita aka saya wa takalmin Kirsimeti, ita aka goya a wuya ranar biki. Salomé kuwa tana nan tana fere kifi tun kafin hannunta ya kai tebur. Wani sabon kishi ya taso ya danne na farko, wanda ya fi shi tsufa, ya fi shi ɗaci.

"Da yake sambatun," ta ce, muryarta a dishe, "ya kira sunana?"

Telmo ya sunkuyar da kai.

"Ko sau ɗaya?"

"Zazzaɓi ne, Salomé. Mai zazzaɓi bai san abin da yake faɗa ba."

Ta gyaɗa kai, hawaye na bin kumatunta.

"Ta ƙwace mini uba tun ina 'yar shekara huɗu. Bai ishe ta ba, yanzu kuma kai. Kalle ni, Telmo. Tana son ka?"

"Ni ke nake so."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"Ban taɓa ce mata komai ba."

"Ta san da ni?"

"Ta san... ta san ina zuwa Matosinhos wurin dangi."

"Dangi!" Ta yi wata dariya mai ciwo. "Shi fa tsohon? Ka gaya masa kana da wadda za ka aura?"

"Likita ya ce kada a tayar masa da hankali ko kaɗan. Zuciyar a kan zare take. Shi kuma ya ƙwallafa rai a kan... yana so ya ga ya bar ta a hannun wanda ya yarda da shi. Na kasa ce masa e, na kasa ce masa a'a. Mutumin nan ya yi mini abin da ubana bai yi mini ba. Ki ba ni lokaci kaɗan, don girman Allah. Ba zai daɗe ba."

"Wato in zauna in jira ubana ya mutu, sannan in samu miji."

"Ba haka nake nufi ba!"

Ta miƙe, ta share fuska da bayan hannu, ta nufi ƙofar gidan.

"Salomé, ina za ki? Salomé! Za ki kashe shi!"

Ba ta waiwaya ba. Hélder ya leƙo ta tagar mota yana kiranta, shi ma ba ta kula shi ba. Wata ma'aikaciyar jinya ta nuna mata ɗakin, Telmo yana biye da ita yana roƙo ƙasa-ƙasa.

Ɗakin yana kallon teku. A kan gado wani tsoho ne ƙanjamamme, robar iska a hancinsa, hannayensa manya, duk jijiya. Salomé ta tsaya a bakin ƙofa. Ta sha raya wannan rana a zuciyarta, ta tanadi maganganu masu zafi tun tana yarinya. Yanzu duk sun gudu. Abin da ta gani kawai shi ne goshinsa irin nata ne sak.

Noémie tana zaune a bakin gadon tana ba shi miya a cokali. Tana ce masa "Baba" cikin shagwaɓa, shi kuma yana shafa jan gashinta.

Tsohon ya hango Telmo, fuskarsa ta washe.

"Ɗana! Ka tsaya ina? Zo nan, zo kusa."

Telmo ya ratsa ta gefen Salomé kamar mai tafiya a kan ƙaya. Tsohon ya kamo hannunsa, ya kamo na Noémie, ya haɗa su a kan ƙirjinsa.

"Na yi magana da Fada, limamin coci, jiya," ya ce yana haki. "Ya ce zai iya zuwa har ɗakin nan ya sa muku albarka. Ba na son in tafi ban gani ba. Ita kaɗai gare ni a duniya, Telmo. Ita kaɗai ce 'yata."

Noémie ta sunkuyar da kai, kunnuwanta suka yi ja, tana murmushi. Ba ta janye hannunta ba. Shi ma Telmo bai janye nasa ba.

Sai a lokacin tsohon ya lura da mai tsayuwa a ƙofa. Ya ƙanƙance ido.

"Wannan kuma fa? Sabuwar ma'aikaciya ce?"

Salomé ba ta dube shi ba. Telmo ta zuba wa ido.

"Tare muke da shi," ta ce. "Telmo, gaya masa ko ni wace ce."

Noémie ta ɗago tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, murmushinta yana dusashewa. Gumi ya tsattsafo a goshin Telmo. Ya dubi ƙirjin tsohon da ke hawa da sauka da ƙyar, ya dubi Salomé.

"'Yar... 'yar unguwarmu ce, Baba. Hanya ce ta biyo da ita, ta ce bari ta gaishe ka."

Salomé ta ji kamar an soka mata wuƙar fere kifi a ƙahon zuciya. Amma ba ta yi kuka ba. Ta ƙarasa cikin ɗakin a hankali har bakin gadon.

"Allah Ya yi miki albarka, 'yar unguwa," in ji tsohon. "Kin zo a sa'a. Ranar da Fada zai zo, ke ma ki zo ki taya mu murna."

"Zan zo," ta ce. "Ba ni kaɗai ba ma. Zan zo da mahaifiyata, ta daɗe tana son ganinka."

"Ikon Allah. Ta san ni ne? Wace ce mahaifiyar taki?"

Telmo ya girgiza mata kai, idanunsa cike da roƙo. Salomé ta sunkuya daidai kunnen tsohon, yadda ba sai ta maimaita ba.

"Zulmira. Mai gasa kifi a Matosinhos."

Hannun tsohon ya saki nasu. Cokalin ya faɗi daga hannun Noémie, ya yi ƙara a ƙasa.